Jagora: Gane Ko Wayar Dashen Kunne Ta Zauna Daidai Ta Hanyar Awon Lantarki

Likitan da ke dasa na'urar ji a cikin kunne ba ya ganin inda wayar ta tafi. Abin da yake hange a madubin tiyata shi ne 'yar zagayayyiyar tagar da ake bi a shiga katantanwar kunne, wadda likitoci ke kira kokliya. Da tsinin wayar ya wuce bakin tagar, ƙashi ya rufe shi. Sauran tafiyar, wajen milimita 18 zuwa 31 gwargwadon irin wayar, hannu ne kaɗai ke ji, kuma hannu yakan ce lafiya lau alhali wayar ta naɗe ko ta bi wata kafar.

Sa'ar da aka yi ita ce na'urar kanta kayan awo ce. Kowane ilektrod da ke jere a jikin wayar yana iya sakin lantarki, yana kuma iya auna lantarkin da ya iso gare shi. Wannan jagora na mai zama gaban kwamfuta ne a ɗakin tiyata, ko mai saita na'ura a asibiti bayan aiki. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: allo ya nuna kore a kan kowane ilektrod ba shaida ba ne cewa wayar tana inda ya kamata.

Abin da kake nema

Katantanwar tana da zagaye biyu da rabi da ɗoriya, kuma a cikinta akwai ramuka masu ruwa. Na ƙasa, sikala timfani, shi ne gidan wayar. Gindin katantanwa na sautuka masu siriri ne, ƙolinta na masu kauri, saboda haka jerin ilektrod dole ya bi wannan tsari ba tare da ya juya ba.

Kuskuren da aka fi haɗuwa da shi shi ne naɗewar tsini: kan wayar ya tokare, ya lanƙwashe, ya dawo baya a kan jikinsa. Ya fi faruwa da wayoyin da aka ƙera a lanƙwashe don su rungumi ginshiƙin tsakiyar katantanwa, musamman sirara irin CI532 da CI632 na kamfanin Cochlear. Miƙaƙƙun wayoyi masu bin bango ba su cika yi ba. Sai wayar da ba ta shige duka ba, ko ta zamo waje daga baya. Sai wadda ta ƙulle a gindi. Sai wadda ta huda tantanin da ke raba ramuka ta haye ramin sama, galibi a daidai rabin zagayen farko. Mafi muni ita ce wadda ba ta shiga katantanwar ba sam: ta faɗa zauren kunnen ciki, ko ɗaya daga bututun da ke kula da daidaiton jiki, ko ramukan iska da ke ƙasan kunnen tsakiya, ko bututun da ya haɗa kunne da bayan hanci, ko ma hanyar da jijiyar ji ke bi zuwa ƙwaƙwalwa.

Awon lantarki ba ya kama waɗannan daidai wa daida. Naɗewa yana kama ta sosai. Ilektrod da ya rage a waje yana kama shi sau da yawa. Hayewa ramin sama da faɗawa zaure kuwa, nan ƙarfinsa ya yi rauni.

Mataki na farko: kafin a shigo da majiyyaci

Dubi hoton siti (CT scan) na kunnen tare da likitan. Katantanwar da aka haifa da naƙasa, ko wadda ƙashi ya fara cikewa, ita ce ke jawo ɓatan hanya. Wannan na biyun ya shafe mu kai tsaye, domin Arewacin Najeriya da Nijar suna cikin yankin sanƙarau, kuma yaron da sanƙarau ya kurmantar katantanwarsa tana iya fara zama ƙashi cikin makonni ko watanni. A irin wannan kunne ka shiga da shirin cewa wayar ba lalle ta shige duka ba, kuma jijiyar ba lalle ta amsa ba ko da an saka daidai.

Sannan ka tabbatar da lambobi, domin nan sabon hannu ke ruɗewa. Wayar Cochlear tana da ilektrod 22, kuma lamba 1 ce a gindi, lamba 22 a tsini. Ta kamfanin Advanced Bionics 16 ne, ta kamfanin MED-EL 12, amma su biyun lamba 1 ita ce a tsini. Wanda ya saba da ɗaya ya koma ɗayan, zai karanta matsalar gindi ya ce ta tsini ce. Rubuta a takarda ka manna a gefen allo. Ba abin kunya ba ne.

Caja baturi, gwada faifan da ke ɗora saƙo a kan fata, tanadi rigar leda mai tsafta da za a sa shi a ciki, ka kuma tambaya ko injin hoton eksire na nan kusa kuma akwai mai sarrafa shi. A tambaya tun da safe, ba sai allo ya nuna abin tsoro ba.

Mataki na biyu: shirya wurin awo

Yi awo bayan an saka waya an toshe bakin taga da ɗan nama, amma kafin a ɗinke. Nan ne gyara yake da sauƙi. Ka roƙi likita ya mayar da fatar kai kan jikin na'urar, saboda ilektrod na waje, wanda lantarki ke komawa gare shi, yana jikin akwatin na'urar ne ko kuma a ƙarƙashin tsokar gefen kai, kuma in ya bushe ko yana rataye a iska duk awonka ya lalace. A dakatar da injin huda ƙashi da na ƙona jijiyoyin jini yayin awo. Shi na ƙona jini mai tsini ɗaya ma ba a taɓa shi da zarar na'ura ta shiga jiki.

Mataki na uku: awon turjiya

Wannan shi ne na farko kuma mafi sauri, daƙiƙoƙi ne. Na'ura tana tura ɗan lantarki ta kowane ilektrod ta ga irin turjiyar da ya gamu da ita, a ma'aunin kilo'om. Turjiya ta yi sama ƙwarai, layi a yanke yake ko ilektrod ɗin yana cikin iska. Ta yi ƙasa ƙwarai, wayoyi biyu sun haɗu. A manhajar Cochlear, abin da ya haura kilo'om 30 ana ɗaukarsa yankakke, abin da ya gaza om 565 kuma haɗaɗɗe. Sauran kamfanoni da nasu iyakokin.

Kar ka tsaya a launi, dubi tsarin. In ilektrod ɗaya ko biyu a tsakiya suka yi sama, yawanci kumfar iska ce ta maƙale. Jira 'yan mintuna, ka tura musu lantarki kaɗan, ka sake. In na gindi ne a jere suka yi sama, biyu ko uku, tambayi likita ko yana hango su a wajen taga. In duka suka yi sama a awon da ke amfani da ilektrod na waje, amma suka zo daidai a awon da ke haɗa ilektrod ɗaya da sauran 'yan'uwansa na ciki, to laifin na waje ne: a jiƙa shi da ruwan gishiri, a kwantar da fata, a sake. In duka suka yi sama ta kowace hanya, ka zargi cewa wayar tana cikin ramin iska, ba cikin katantanwa ba.

Ga inda awon ke yaudara. Turjiya ruwa take gani, ba wuri ba. Zauren kunne da bututun daidaito ruwansu ɗaya da na katantanwa. Kunnen tsakiya a lokacin aiki cike yake da jini da ruwan gishiri. Wayar da ta naɗe kuwa tana cikin ruwan da ya dace, kuma roba ce ke taɓa roba, saboda haka ba ta nuna haɗuwar layi. Duk waɗannan za su ba ka turjiya mai kyau. Abin da wannan mataki ya tabbatar kawai shi ne na'urar tana aiki.

Mataki na huɗu: jadawalin yaɗuwar lantarki

Nan ne zuciyar aikin. Cochlear na kiransa TIM, Advanced Bionics na cewa EFI, a MED-EL kuma ana samo shi daga awon IFT. Dabarar ɗaya ce. Ilektrod ɗaya ya saki lantarki, duk sauran su auna abin da ya iso musu. Sai na gaba ya saki, a sake aunawa, har a kai ƙarshe. A wayar mai 22, za ka samu jadawali mai layi 22 a kwance da 22 a tsaye, galibi an shafa masa launi: mai zafi inda lantarki ya yi yawa, mai sanyi inda ya ragu. Ba ya buƙatar jijiya ta amsa, shi ya sa yake aiki ko a kunnen da sanƙarau ya ɓata.

Ka ɗauka layin rumfuna ne a kasuwa, mutum ya ɗaga murya a rumfar ƙarshe. Maƙwabcinsa ya fi kowa ji, na gaba ya ji ƙasa da haka, a haka har murya ta ɓace. In kuwa mai rumfa ta bakwai ya fi mai ta huɗu jin muryar, to layin ba miƙaƙƙe ba ne, ya kewayo ya dawo ta bayan mai maganar.

Karanta shi kamar haka. Da farko ka yi watsi da layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, inda ilektrod ke auna kansa. Lambobinsa manya ne don sun haɗa da turjiyar fatar ƙarfen, ba su gaya maka wuri. Sai ka ɗauki layin ilektrod na tsini, lamba 22 a Cochlear, ka bi shi zuwa gindi. A waya mai lafiya, ƙarfin zai yi ta sauka daga 21 zuwa 20 zuwa 19, ba tudu ba kwari. Ka lura cewa a can ciki lambobin sun fi girma kuma saukarsu a hankali take, a gindi kuma sun fi ƙanƙanta, domin ta gindi lantarki ya fi samun hanyar fita. Wannan ba matsala ba ce.

A wayar da ta naɗe, layin zai sauka, sannan ya sake hawa. A ce ta karye a lamba 19. To 20 ya kwanta kusa da 18, 21 kusa da 17, 22 kusa da 16. Idan 22 ya saki lantarki, 16 zai auna fiye da abin da 19 ya auna, duk da cewa a lissafin lamba ya fi nisa. Kowane biyun da suka haɗu jimlarsu 38 ce, wato ninkin lambar wurin karyewa. Wannan lissafi ya kan taimaka: nemo inda tudu na biyu yake a layin tsini, haɗa lambobin biyu, raba biyu, ka samu wurin da wayar ta lanƙwashe, ka kuma san ilektrod nawa suka juya. A hoton launi abin yana fitowa kamar gicciye a kusurwar tsini, wani layi mai zafi ya ratsa babban layin.

Tabbatar da shi ta ɗaya ɓangaren. In 22 ya nuna tudu a 16, dole 16 ma ya nuna tudu a 22. Tudun da ya fito a gefe ɗaya kaɗai, ko ya tsaya a kan ilektrod ɗaya a kowane layi, yawanci lalataccen ilektrod ne ko kumfa, ba naɗewa ba. Haka nan naɗewar ilektrod ɗaya tak a can ƙarshe tana iya ɓoyewa, ta nuna kamar layin ya ɗan kwanta kawai maimakon ya hau.

Ilektrod da suka rage a waje kuma a kusurwar gindi suke bayyana. Maimakon gangara mai laushi, sai ka ga faɗuwa kwatsam a wani wuri, bayan nan lambobin su zama ƙanana kusan iri ɗaya. Masu bincike a Kambirij ta Ingila sun nuna cewa ana iya gane wannan ko da ruwan gishiri ya rufe ilektrod ɗin har turjiyarsa ta zo daidai. Amma ilektrod ɗaya da ke bakin taga, rabi ciki rabi waje, da wuya ka rantse a kansa. Idon likita ya fi allo a nan.

Cochlear tana da na'urar SmartNav da ke yin wannan karatu da kanta ta ba da hukunci. Tana da amfani, musamman inda ba a da masanin ji a ɗakin tiyata. Ni dai ra'ayina, ko ta ce daidai, buɗe jadawalin ka kalli layin tsini da idonka in manhajar ta ba ka dama. Minti ɗaya ne.

Mataki na biyar: amsar jijiya

Yanzu a tambayi jijiyar ji ko ta ji. Na'ura tana tura lantarki, ta saurari amsar jijiyar ta wani ilektrod na kusa. Sunan awon NRT a Cochlear, NRI a Advanced Bionics, ART a MED-EL. Amsar gaskiya tana da siffa: kwari a wajen milisakan 0.2 zuwa 0.4 bayan an tura lantarki, sai tudu ya biyo a wajen 0.6 zuwa 0.8, kuma tana girma in ka ƙara lantarki. Maganin sa barci ba ya hana ta. Auna aƙalla tsini, tsakiya da gindi. In akwai lokaci, duka.

Amsa a tsakiya da tsini, shiru a gindi, tare da faɗuwar da ka gani a jadawali, sun haɗu sun ce wayar ba ta shige duka ba. Shiru ko'ina a kunnen da hotonsa lafiya lau yake, abin a tsaya ne a ɗauki hoto. Amma shiru kaɗai ba hukunci ba ne, domin siririyar jijiya, daɗewar kurumta da katantanwar da ta zama ƙashi duk suna kawo shi. Samun amsa ma ba hukunci ba ne. Wayar da ta naɗe tana ba da amsa mai kyau. An kuma samu wayoyi a zauren kunne da bututun daidaito suna ba da abin da ya yi kama da amsa, ko don lantarki ya tsallaka ya taɓa jijiyar ji, ko don jijiyar daidaito ce ta amsa. In injin lura da jijiyar fuska ya fara ƙara a lantarki kaɗan, ko fuskar ta motsa, ɗauki abin da muhimmanci, musamman a katantanwa mai naƙasa inda waya kan zarce hanyar jijiya.

Akwai wani awo da aka gina kan wannan amsa, mai duba yadda kuzarin ya yaɗu a jikin jijiya: a tsayar da ilektrod ɗaya, a yi ta zagaya na biyun. Waya mai lafiya tudu ɗaya take bayarwa a kusa da wanda aka tsayar, naɗaɗɗiya kuma biyu. Shi aka fara amfani da shi wajen kama naɗewa kafin jadawali ya yaɗu. Yana cin lokaci kuma sai jijiya ta amsa, don haka yanzu shaida ta biyu ce.

Mataki na shida: awo biyu na ƙari

Likita na iya kallon 'yar tsokar ƙashin sirdi a kunnen tsakiya yayin da kake ƙara lantarki. In ta motsa, saƙo ya kai tushen ƙwaƙwalwa ya dawo. In ba ta motsa ba, tambayi mai ba da maganin barci tukuna, domin iskar sa barci da maganin saki tsoka suna danne ta.

Ga wanda yake da sauran ji, ana sa ƙaramin sauti a kunne, galibi mai kaɗawa sau 500 a daƙiƙa (hez 500), a saurari amsar katantanwa ta ilektrod na tsini yayin da ake tura waya. Amsar ta faɗi kwatsam, alama ce tsinin ya taɓa tantanin da ke raba ramuka, sai ka ce wa likita ya dakata ko ya ɗan ja baya. Shi ne mafi kusa da abin da ke faɗakarwa kan hayewa ramin sama, amma a kunnen da ya mutu gaba ɗaya ba abin da zai nuna.

Mataki na bakwai: yanke hukunci

Faɗa wa likita abin da ka gani a taƙaice, da lamba: "Likita, jadawali ya nuna naɗewa a wajen 19, uku na ƙarshe sun juya." Ba "kamar akwai matsala" ba. In naɗewa ce, ana janye waya a sake sakawa. Siririyar wayar Cochlear ana iya mayar da ita cikin kubenta, a duba cewa reshen riƙonta yana fuskantar ginshiƙin tsakiya, a sake turawa. Bayan nan maimaita awo tun daga turjiya. In ta sake naɗewa, hankali ya koma kan na'urar ajiya mai miƙaƙƙiyar waya.

Nemi hoton eksire kafin a tashi majiyyaci a waɗannan halaye: katantanwa mai naƙasa ko mai ƙashi, likita ya ce shigar ta yi masa nauyi ko bai ga tagar sosai ba, jijiya ta yi shiru ko'ina, fuska ta motsa, ko awo biyu sun saɓa wa juna. A hoton, waya mai kyau tana yin murɗi mai santsi, ilektrod a jere da tazara iri ɗaya. Wadda ta miƙe sama ko ta nufi gaba da ƙasa ba a cikin katantanwa take ba, ko me allo ya ce. Kuɗin hoto ɗaya bai kai na sake sa yaro barci a karo na biyu ba.

Mataki na takwas: bayan an sallame shi

Ajiye fayil ɗin awon tiyata, ka ba iyali kwafi, a takarda da a waya. Da yawa daga mutanenmu a wani gari ko wata ƙasa ake yi musu aiki, su dawo gida a ci gaba da saiti, kuma wanda zai karɓe su ba shi da abin kwatantawa in ba wannan ba.

Ana kunna na'ura yawanci bayan mako 2 zuwa 4. A ranar, turjiya za ta fi ta ɗakin tiyata, sannan ta sauka bayan an fara amfani. Wannan al'ada ce. Abin lura shi ne turjiyar gindi ta riƙa hawa wata bayan wata, ilektrod da ya fi kusa da taga ya daina ba da sauti, sai na kusa da shi ya bi shi, ko majiyyaci ya ce yana jin zafi ko tsikari maimakon sauti. Waya ce ke zamowa waje. Sake jadawali, ka jera shi da na ranar aiki.

Babba zai iya taimaka maka da kunnensa. Kunna masa ilektrod ɗaya bayan ɗaya daga tsini zuwa gindi, ya gaya maka ko sautin yana ƙara siriri. In a wajen tsini ya ce sautin ya juya, ko biyu masu nisa sun zama ɗaya, koma ga jadawali. Yaro ƙarami ba zai faɗa ba, sai dai ka ga yana cire na'ura, yana ƙifta ido in an kunna, ko maganarsa ta ƙi gaba duk da ana sa masa kullum. Jiri da zarar an kunna na'ura kuma yana nuni ga zaure ko bututun daidaito, a tura shi hoton siti.

In an gano naɗewa a makare kuma ilektrod biyu ko uku ne kawai, sau da yawa ana kashe waɗanda suka juya, a raba sautukansu ga sauran, a ga yadda ji zai kasance. In naɗewar ta yi yawa, ko wayar tana wajen katantanwa, saiti ba zai gyara ba, sai a mayar da shi ga likitan tiyata da jadawalin biyu da hoton a hannu.